Jinin 'Ya'yana a Hannun Auta

A gidanmu duk zazzaɓi maleriya ne. Haka muka taso muka tarar, kuma ban ga laifinmu ba. Unguwarmu tana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya bi ta bayan katangarmu, gonakin shinkafa sun kewaye mu rani da damina, sauro kuwa ba shi da ranar hutu. In jikin yaro ya yi zafi ba a tsayawa dogon tunani. A je kemis a karɓo maganin maleriya, in ya ƙi a koma a yi allura, in ya sake ƙi a ce ai taifot ce ta shigo.

Ni malamin Islamiyya ne, ina kuma noma 'yar gonar da mahaifinmu ya bar mana, tumatir da rani, shinkafa da damina. Mu biyar ne a wurin Inna, ni ne babba, kuma shekara goma sha huɗu na ba wa autarmu. Ita ce ta yi karatun gwaje-gwajen asibiti a birni, ta dawo aka ɗauke ta aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti kusa da mu, wurin da kowa ke ce wa lab. A lokacin ba ta yi aure ba, tana zaune a sashen Inna, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutanen gari suna girmama ta saboda farar rigar nan, har tsofaffi suna ce mata likita. Ni kuwa a idona Auta ce kawai, yarinyar da na koya wa babbaƙu da farfaru tana kuka tana goge majina da gefen hijabi.

Abin ya fara ne ana tsakiyar tsinkar tumatir. 'Ya'yana biyu ne a lokacin, duk mata, babbar tana da shekara biyar, ƙaramar ba ta cika biyu ba, maiɗakina kuma tana da tsohon ciki. Ƙaramar ce ta tashi da zazzaɓi. Na karɓo mata maganin maleriya na ruwa, ta sha kwana biyu, jikin yana nan kamar garwashi. A rana ta uku da safe na saɓa ta a kafaɗa zan kai ta a yi mata allura, don in samu in wuce gona, masu kwanduna suna jirana.

A zaure muka yi kiciɓis da Auta, ta fito za ta tafi aiki. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta dubi yarinyar.

“Yaya, ina zuwa da ita da sassafen nan?”

“Kemis. Allura za a yi mata.”

“Allurar me?”

“Ta maleriya mana.”

“Wa ya ce maleriya ce?”

Na ce, “Sai wani ya faɗa? Taɓa jikinta ki ji.”

Ta karɓe ta daga kafaɗata. Ta taɓa goshinta, ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, ta ɗaga rigarta ta zuba wa ƙirjinta ido na ɗan lokaci. Sannan ta ce, cikin muryar nan tata ta roƙo wadda ta san ba na iya ƙi, “Don Allah Yaya ka bar tumatir ɗin nan na awa biyu. Mu je likita ya gan ta, in gwada jininta. In maleriya ce, ni da kaina zan riƙe ta a yi mata allurar.”

Na yi 'yan gunaguni, amma na tada babur. Ta hau baya ta rungume yarinyar a cikin hijabinta, muka bi gefen kanal har muka hau kwalta.

Likitan wani magidanci ne mai sanyin magana. Ya duba kunnen yarinyar da maƙogwaronta, ya saurari ƙirjinta, ya tambaye ni abin da ta sha, sannan ya rubuta gwaji biyu: na maleriya, da na ƙirga ƙwayoyin jini. Muka wuce lab.

Ranar na fara shiga wurin aikin ƙanwata. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙamshin sifirit, da firij a kusurwa, da wata na'ura kamar ƙaramin akwati a kan tebur. Abokiyar aikinta ta ce ta kawo ita ta ɗebi jinin, tunda yarinyar 'yar yayan Auta ce. Auta ta ce a'a, jijiyar yara sirirya ce, ba ta so a soke ta sau biyu. Ta sa na zaunar da yarinyar a cinyata, ta ɗaure mata hannu da roba, tana yi mata 'yar waƙar da take yi mata a gida. Sau ɗaya ta sa allurar, jini ya taho. Yarinyar ta tsala ihu, ta dubi gwaggonta da idon wanda aka ci amanarsa. Auta ta manna mata auduga, ta juya baya da sauri tana rubutu a jikin 'yar kwalbar, amma na ga ta ɗaga kafaɗa ta share ido.

Muka zauna a benci. Ba a fi awa ɗaya ba ta fito da takarda.

“Yaya, babu maleriya. Na gwada da ɗan tsinken gwajin nan, na kuma duba jinin a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyi. Babu ko ɗaya.”

“To ai maganin da ta sha ne ya ɓoye ta.”

“Da maganin ya kashe ta, da zazzaɓin ya sauka. Zo ka ga wannan.”

Ta zauna kusa da ni ta shimfiɗa takardar a gwiwarta. Lambobi ne jere da haruffan boko da ban san kansu ba. Ta ce a cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, akwai farare, kuma fararen su ne masu yaƙi da cuta. Su ma iri-iri ne. Akwai waɗanda suka fi tashi idan bakteriya ce ta shiga jiki, irin cutar da ake kashewa da antibayotik. Akwai kuma waɗanda suka fi tashi idan bairos ce, irin ta mura da danginta, wadda antibayotik ba ya yi mata komai. Ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce na yarinyar nan, masu yaƙi da bakteriya ba su tashi ba, har sun ɗan yi ƙasa, ɗaya ɓangaren ne suka fi yawa.

Na ce, “Wato kin ga bairos ɗin ke nan?”

Ta ce, “A'a, wannan gwajin ba ya ganinta. Kamar ka je gona da safe ne ka tarar da sawu. Ba ka ga dabbar ba, amma za ka iya cewa wannan ya fi kama da na saniya, ba na akuya ba. Likita ne zai haɗa da abin da ya gani a jikinta ya yanke.”

Likita ya karanta takardar, ya sake duba yarinyar, ya ce alamu sun fi nuna bairos ce, kuma mafi yawan irinta jiki ne ke korar ta da kansa. Ya ce a ba ta farasitamol in jikin ya yi zafi, a yawaita ba ta ruwa da kunu, a dawo da ita bayan kwana biyu. Sannan ya lissafa min abubuwan da in na ga ɗaya daga ciki kada in jira: in numfashinta ya yi sauri, in ta ƙi shan komai, in ta yi jijjiga, in barci ya yi mata nauyi har ta kasa tashi. Na gyaɗa kai. Gaskiya rabin hankalina yana kan kwandunan tumatir, sauran rabin yana kan cewa ba a rubuta allura ba.

Da muka koma gida Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, maiɗakina na zaune a gefenta. Inna ta dubi hannuna ta dubi na yarinyar mai auduga.

“Ina maganin?”

Na nuna mata kwalbar farasitamol.

“Shi ke nan? An ɗebi jinin yarinya, an sa ta kuka, kun dawo hannu rabbana? Wannan ai ko a kantin bakin masallaci akwai shi.”

Da yamma da Auta ta dawo, Inna ta tare ta da maganar. Auta ta zauna a bakin tabarma tana yi mata bayani a hankali, Inna tana jinta tana girgiza kai. A ƙarshe ta ce, “Ni dai na haifi biyar, ban taɓa ganin zazzaɓin da aka yi wa magani da haƙuri ba.” Auta ta yi dariya ta ce, “Inna, ai ke kika ce haƙuri maganin zaman duniya.” Inna ta kai mata duka da mafici.

Washegari zazzaɓin bai sauka ba. Yarinyar tana shan kunu, tana ɗan wasa in maganin ya kama ta, amma da ya sake ta sai jikin ya koma. Da azahar na dawo daga gona, ƙafata ta kai ni ƙofar kemis ba tare da na shirya ba. Mai kemis ɗin abokina ne tun ƙuruciya. Ya ce, “Malam, ya jikin 'yar? A kawo ta ne?” Na tsaya ina kallon kwalayen allura a bayansa. Sai na tuna Auta ta juya baya tana share ido. Na ce ya ba ni sabulun wanka. Ya ba ni yana kallona, na sa a aljihu na tafi, alhali akwai sabulu a gida.

Kashegari da safe maiɗakina ta ƙwala min kira. Jikin yarinyar ya yi sanyi lau, amma ƙananan ƙuraje jajaye sun feso mata a ciki da baya. Inna ta ce ƙyanda ce, a rufe ta a ɗaki. Auta ta ce an yi mata rigakafin ƙyanda, kuma dama ranar ce likita ya ce a koma. Muka koma. Likita ya duba ya yi murmushi, ya ce akwai wata bairos ta ƙananan yara da haka take yi, sai zazzaɓin ya tafi sannan ƙurajen su fito, kuma za su baje da kansu. Kwana biyu suka baje. Abin da ya daɗe bai baje ba shi ne fushin yarinyar. Ta yi kusan mako in ta ga gwaggonta sai ta ɓoye hannu a bayanta ta juya fuska, sai da Auta ta yi ta zuwa da alawa kafin aka shirya.

Daga nan ne fa na zama likitan unguwa. A majalisarmu ta bakin kanal, duk wanda ya ce ɗansa na zazzaɓi sai in gyara zama in fara bayanin fararen ƙwayoyi. Na riƙa ce wa mutane suna ɗura wa yara magani a banza. Wasu sun ji, sun kai 'ya'yansu gwaji, wannan kam alheri ne. Amma ni a raina na riƙe abu ɗaya ne kawai daga duk abin da aka faɗa min: zazzaɓin yara bairos ce, kwana uku zuwa huɗu ta wuce. Abokaina har suka sa min suna Malam Bairos, ni kuma ina jin daɗi.

Da damina ta yi nisa, maiɗakina ta riga ta haihu, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, sai babbar 'yata ta kama tari da zazzaɓi. Auta ba ta nan, an tura su birni wani horo na mako guda. Na taɓa jikin yarinyar na ce bairos ce, a ba ta farasitamol da ruwa. Kwana ɗaya, kwana biyu. A rana ta uku maiɗakina ta same ni ina wasa lauje ta ce, “Malam, numfashin yarinyar nan bai yi min ba. Ko kunun ma kurɓa biyu take yi ta ture.”

Na ce, “Haka ƙanwarta ta yi. Gobe za ki ga ta miƙe.”

“Ƙanwarta ba ta yi wannan nishin ba.”

“Ki dai yi haƙuri zuwa gobe.”

Ta yi shiru ta koma ɗaki. Har yau in na tuna wannan shirun nata sai in ji kunya.

Allah ya sa ranar ce Auta ta dawo, da la'asar sakaliya. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta leƙo sashenmu don ta ga jariri. Ta tarar da babbar kwance a kan tabarma. Na ga fuskarta ta canza. Ta durƙusa ta ɗaga rigar yarinyar, sai a lokacin ni ma na lura da abin da ke gabana kwana biyu: duk numfashin da ta ja, sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa ciki. Auta ta dubi agogon hannunta tana ƙirgawa, leɓenta na motsi.

“Kwana nawa?”

Maiɗakina ta ce, “Yau uku.”

Na buɗe baki na ce, “Na ɗauka ai...”

Ba ta bari na ƙarasa ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, tada babur.”

Hanyar gefen kanal ta yi caɓi, sai da na riƙa sa ƙafa a ƙasa. Tun daga gida har asibiti Auta ba ta ce min uffan ba, sai dai in ji tana yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa a cikin hijabi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Likitan da ke aiki ya saurari ƙirjin yarinyar ya daɗe, ya ce a yi gwaji maza, amma bai jira sakamako ba ya sa aka ba ta gado aka fara yi mata allura. Auta ba ranar aikinta ba ce, amma ta sa farar rigarta a kan kayan tafiya ta shiga lab. Wannan karon yarinyar ko motsi ba ta yi ba da aka soke ta, kuma wannan ya fi ihun ƙanwarta tayar min da hankali. Da takardar ta fito, Auta ta kai wa likita, sannan ta zo ta nuna min ba tare da na tambaya ba. Babu maleriya. Amma layin nan na masu yaƙi da bakteriya, wanda na ƙaramar ya yi ƙasa, na wannan ya haura sama sosai. Likita ya ce nimoniya ce, ciwon huhu, kuma da alama bakteriya ce. Ya ce an zo a kan lokaci, amma da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da maganar ta canza.

Na fita na zauna a kan dakalin baranda. Can sai ga Auta ta zo ta zauna a ɗaya gefen, ta cire takalminta da ya cika da taɓo tana kankare shi da tsinke.

Na ce, “Auta, na ɗauka irin na ƙanwarta ne.”

Ta ce, “Yaya, ni da nake wannan aikin kullum, ba na iya duban yaro in ce wannan bairos ce, wannan ba ita ba ce. Ko takardar ma wani lokacin sai ta rikita mu, sai likita ya haɗa da abin da kunnensa ya ji. To kai da me ka gane?”



Ta ci gaba da kankare takalmin. Sai ta ce, “Laifina ne ma. Na ji ana ce maka Malam Bairos, na yi ta dariya, ban zaunar da kai ba. Rabi na koya maka.”

Ban taɓa ba ƙanwata haƙuri ba tunda aka haife ta, ba a saba ba. Ranar na ce, “Ki yafe min. Likita ya faɗa min maganar numfashi, ni ne ban riƙe ba. Uwarta ma ta faɗa min.”

Ta ce, “To ita za ka ba haƙuri, ba ni ba.”

Na ba ta, da na koma gida ɗauko kaya. Maiɗakina ta miƙo min filas ɗin kunu da zanen yarinyar ta ce in yi sauri.

Kwana biyar aka yi a asibiti. Da yake uwar tana da jariri, Inna ce ta yi jinya. Auta takan leƙo duk lokacin da ta samu sarari, in ta tashi daga aiki kuma ta karɓi Inna ta huta. A rana ta uku aka sake gwada jinin, lambar ta fara sauka, yarinyar ta tashi zaune ta ce ita ɗanwake take so. Inna kuwa duk lokacin da ma'aikaciyar jinya ta shigo da tiren allura sai ta gyara zama cikin gamsuwa. Ranar da aka sallame su ta dubi Auta ta ce, “Yau dai asibitin naku ya yi aiki.” Auta ta buɗe baki za ta fara bayani, na yi mata alama da ido ta bari.

A majalisa na faɗa musu abin da ya faru da bakina, tun kafin su ji a wani wuri. Ba su daina kirana da sunan ba, sai dai yanzu in an kira ni da shi a kan zazzaɓin wani yaro nakan ce a kai shi a gwada, in yi shiru.

Bayan shekara biyu Auta ta yi aure, mijinta ya tafi da ita Kumbotso, ta koma aiki a can. Ni na yi mata walicci, kuma na fi Inna kuka ranar da aka zo ɗaukarta, har 'yan'uwa suna yi min tsiya. 'Ya'yana huɗu yanzu, zazzaɓi kuwa bai daina ziyartarmu ba. Wani lokacin maleriya ce da gaske, wani lokacin ba ita ba. In na karɓi takardar gwaji nakan tsaya a baranda in ɗauki hotonta da waya in tura mata. Ba ta daɗewa take turo saƙon murya, ana jin hayaniyar 'ya'yanta a baya. Takan gaishe ni da ladabi, ta tambayi Inna, ta tambayi gona, sannan ta ce, “Na ga takardar, Yaya. Ka shiga wurin likita tukuna, in ka fito ka kira ni in ji abin da ya ce.”